Tsofaffin motoci masu gudu, birki maras tabbas: yadda rufe hanyar Kwatano ya sauya kasuwar kayan gyara a Nijar

A kan babbar hanya mai lamba 1, wadda ta tashi daga Yamai ta bi ta Dosso, Dogon Dutsi, Ƙonni da Maraɗi zuwa Damagaram, har gobe ana cin karo da motocin da suka girmi direbobinsu. Akwai Peugeot 505, akwai Mercedes 190 da yayarta mai lamba 230, akwai tsofaffin BMW da Golf da matasa ke ji da su. Injin da yawa daga cikinsu yana nan garau, in aka taka mai motar na iya wuce kilomita 130 a cikin awa ba tare da ta koka ba. Matsalar tana wajen tsayawa. Mai irin wannan mota da ya je neman kayan birki a yau yana samun su, amma da wuya ya san ainihin abin da ya saya, kuma tun bayan juyin mulkin 26 ga watan Yulin 2023 lamarin ya ƙara cakuɗewa.

Daga Sahara zuwa gidan ajiyar kayan tarihi

Waɗannan motoci suna da dogon tarihi a ƙasar. A shekarun 1970 da 1980 Turawa kan tuƙo tsofaffin Peugeot 504 su ratso Sahara ta Tamanraset da Asamaka, su sayar da su a Arlit, Agadas, Tawa ko Yamai, su koma gida ta jirgi. A daidai lokacin ne kuma masana'antar Peugeot ta Kaduna, wadda ta fara aiki a 1975, take harhaɗa 504 tana cika kasuwannin Najeriya da na maƙwabta. Gasar tseren Paris-Dakar da ke ratsa Tenere a wancan zamani ta ƙara wa sunan daraja, don kamfanin Peugeot ya lashe ta sau huɗu a jere daga 1987 zuwa 1990. Daga baya jiragen ruwa suka karɓi aikin, motocin da aka gama yayi da su a Turai suka riƙa sauka a tashar Kwatano.

Yau an daɗe da daina ƙera su. Faransa ta tsayar da 505 a 1992, Jamus ta tsayar da Mercedes 190 a 1993. A Faransa motar da ta kai shekara 30 tana iya samun takardar motar tarihi, mai ita ya ajiye ta a rumfa, ya fito da ita ranar hutu. Kamfanonin sun fahimci akwai kuɗi a wannan sha'awa. Peugeot na sayar da kayan tsofaffin motocinsa ta ƙungiyar da ke kula da gidan tarihinsa na Sochaux, Mercedes na da sashe na musamman don wannan, Toyota ma a 'yan shekarun nan ya koma ƙera wasu kayan tsofaffin motocinsa da suka yi suna.

Nan ne tsaka mai wuyar take. Motar da Bature ke ɗauka kayan ado, a Maraɗi ita ce ke kai iyali biki, ita ce ke ɗaukar maras lafiya zuwa asibiti, wani lokaci ita ce abincin gidan. Kayan birkin da aka ƙera wa masu sha'awar Turai an sa musu farashi da kuɗin euro, ana saye ta intanet da katin banki, sannan a biya kuɗin aikowa da na duwan. Da yake euro ɗaya yana daidai da sefa 655,957 ba ya motsi, kayan euro 100 sun haura jika 65 tun kafin su bar Turai. Kaɗan ne daga masu tsofaffin motoci ke iya bin wannan hanya.

Inda kayan ke fitowa

Sauran jama'a kasuwa suke nufa, kuma kayan da ke cikinta iri uku ne. Na farko su ne waɗanda aka ciro daga motocin da aka farfasa a Turai, Japan ko Sharja ta Daular Larabawa, aka loda a kwantena. Na kamfanin asali ne, amma sun sha aiki, kuma robobin da ke cikinsu sun tsufa daidai da motar da aka ciro su. Na biyu sababbi ne daga masana'antun Sin, Indiya ko Turkiyya. A cikinsu akwai masu kyau ƙwarai, akwai kuma na jabu da aka sa a kwali mai ɗauke da sunan wani sanannen kamfani. Na uku aikin hannu ne na cikin gida, inda ake ɗaukar tsohon takalmin birki a ɗaura masa sabon abin goga da ƙusoshi ko da gam, ko a kai faifan birki wajen mai injin sassaƙar ƙarfe ya share fuskarsa.

Ga jihohin Maraɗi, Damagaram da Tawa, babbar rumbun waɗannan kaya Najeriya ce. Kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, Panteka ta Kaduna, Ladipo ta Legas da garin Nnewi na jihar Anambra su ne ke ciyar da shagunan da ke wannan ɓangare na iyaka, ta Jibiya da Ɗan Isa, ta Daura da Matamaye, ko ta Illela da Ƙonni. Yamai da Dosso kuwa, kafin 2023, sun fi dogaro da Kwatano, mai nisan wajen kilomita 1000 daga babban birnin ƙasar.

Abin da ya sauya tun 2023

Kwana huɗu bayan juyin mulki, a ranar 30 ga watan Yulin 2023, ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, iyakokin Najeriya da Benin suka rufe. An ɗage takunkumin a ranar 24 ga watan Fabrairun 2024, kuma a watan Maris na wannan shekara aka sake buɗe iyaka da Najeriya. Amma hukumomin Yamai suka ci gaba da rufe gadar da ta haɗa Gaya da Malanbil, bisa zargin cewa Benin na ba sojojin Faransa mafaka, zargin da hukumomin Kwatano suka musanta. Manyan kaya suka koma tashar Lome ta ƙasar Togo, daga nan su ratsa Burkina Faso ta Kaya da Dori su shigo ta Tera, cikin jerin gwanon motoci da rakiyar sojoji saboda matsalar tsaro. Hanyar ta fi tsawo, kuma mota kan yi makonni tana jiran a haɗa ayari.

Wannan jinkiri ba ya shafar kowane irin kaya daidai wa daida. Ɗan kasuwar da ke odar kaya masu takarda daga Turai yana biyan kuɗi tun da wuri, jarinsa ya kwanta a hanya wata da watanni. Idan zai zaɓi abin da zai cika kwantena da shi, zai zaɓi kayan Corolla da Hilux da ke fita kullum, ba na 505 GTI da mutum ɗaya zai nema a wata ba. Kayan jabu kuwa ba su da wannan damuwa. Kwalin takalman birki ƙarami ne, yana shiga buhu, yana hawa babur, yana tsallake kogin Kwara a cikin kwale-kwale tsakanin Malanbil da Gaya kamar yadda fasinjoji ke yi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Duk lokacin da hanyar da hukuma ke gani ta toshe, kason da ke bi ta ɓarauniyar hanya ne ke ƙaruwa, kuma shi ne wanda babu mai tambayar asalinsa.

Faɗuwar naira ma ba ta kawo sauƙin da wasu suka zata ba. Tun da gwamnatin Bola Tinubu ta saki farashin kuɗin a watan Yunin 2023, dalar Amurka ta tashi daga wajen naira 460 a hukumance ta haura naira 1500 a farkon 2024. Mai riƙe da sefa ya ga kuɗinsa sun yi auki a Kano, gaskiya ne. To amma yawancin kayan birkin da ke Ƙofar Ruwa su ma da dala aka shigo da su, don haka farashinsu ya bi dala. Abin da ya faru shi ne masu saye a Najeriya da aljihunsu ya yi rauni sun karkata ga mafi araha, 'yan kasuwa kuma suka riƙa odar abin da ake saye. Abin da ya cika kantunan Kano shi ne ke isowa Maraɗi da Damagaram.

Abin da ido ba ya gani

Hausawa na cewa kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Mai sayen takalmin birki ba shi da wannan gata, don mai kyau da maras kyau kamarsu ɗaya a hannu, kuma dukansu suna tsayar da mota a cikin gari. Bambancin sai zafi ya hau. Aikin birki shi ne mayar da ƙarfin gudu zuwa zafi. Mota mai nauyin kilo 1500 da ke gudun kilomita 100 a awa, in aka tsayar da ita cak, zafin da ke fita cikin 'yan daƙiƙoƙi ya isa ya tafasa ruwa kusan lita biyu. In gudun ya ninka sau biyu, zafin ninkawa yake yi sau huɗu. Takalmin da aka haɗa da gam maras inganci yana fara santsi idan ya yi zafi, wani ma abin gogar ya ɓalle daga ƙarfen da ke riƙe da shi. Direba ba ya gano haka sai ranar da saniya ta faɗo masa a hanya.

Akwai ma'aunin da ya kamata ya taimaka. Dokar Majalisar Ɗinkin Duniya da ake kira R90, wadda Turai ke aiki da ita, ta tanadi cewa takalmin birki na canji kada ƙarfin kamunsa ya bambanta da na asali da fiye da kashi 15 cikin 100. Ana buga harafin E da lamba, da kuma alamar 90R, a jikin kayan, kuma kwalin ya zo a liƙe. Sai dai a Turai dokar ta wajaba ne a kan kayan motocin da suka fito daga wajen 1999 zuwa sama, kuma ba ta haɗa da faifan birkin ƙananan motoci ba sai a watan Nuwamban 2016. Ke nan motocin shekarun 1980 ba su shiga ƙarƙashin tilas ɗinta ba ko a can inda aka ƙera su. Manyan kamfanoni kan gwada nasu duk da haka, amma mai jabu shi ma ya iya buga harafi.

Matsala ta biyu ita ce dacewa. Kamfanonin mota ba su kan ƙera birki da kansu ba, saye suke yi daga irin su Girling, Bendix da ATE, kuma mota iri ɗaya kan fito da mamatsin birki daban-daban gwargwadon shekara da ƙarfin inji. Wata 504 tana da faifai a ƙafafu huɗu, doguwar ta iyali da a-kori-kura kuma ganga ce a baya. Motar da ta shekara 30 tana yawo a garejoji sau da yawa an riga an sauya mata ƙafa da ta wata motar. Shi ya sa gogaggen makanike ba ya aika yaro da sunan mota kawai, tsohon kayan yake ba shi a hannu ya je ya gwada. In aka rasa daidai, wasu sukan goge gefen takalmin da dutsin wuta har ya shiga. Ya shiga ɗin, amma ba ya zama daram, kuma yana iya maƙalewa.

Man birki ma haka. Wanda ake kira DOT 3 yana tafasa ne a digiri 205 idan sabo ne, DOT 4 kuma a digiri 230. Amma man yana shan danshin iska, kuma in ya sha ruwan da bai kai kashi 4 cikin 100 ba, ma'aunin kan sauka zuwa digiri 140 da 155. Man da ya tafasa ya zama tururi, direba ya taka feda ta tafi ƙasa babu kamu. Don haka ake son a juye shi duk bayan shekara biyu, kuma a saye shi a gwangwani rufaffe, ba wanda aka ɗura a buɗaɗɗiyar kwalba ba. Dabarar nan da ake ji a bakin wasu direbobi ta zuba ruwan sabulu idan mai ya ƙare a daji tana iya kai mota gari na gaba, amma ruwa a digiri 100 yake tafasa, kuma yana cin ƙarfen fanfon birki daga ciki.

Akwai kuma haɗarin da ke kan makanikai da yaransu. Tsofaffin takalman birki da wasu masu araha na yau suna ɗauke da ma'adinin asbestos, wanda ƙurarsa ke haddasa cutar huhu da kansa bayan shekaru masu yawa. Faransa ta haramta shi tun 1 ga watan Janairun 1997, Tarayyar Turai baki ɗaya a 2005, amma har yanzu ana haƙo shi a Rasha da Kazakistan ana kuma aiki da shi a wasu ƙasashen Asiya. Yaron gareji da ke hure ƙurar ganga da baki ko da iskar kwamfaresa shi ke shaƙar ta. Wanke wurin da jiƙaƙƙen tsumma ya fi aminci.

Masu neman ƙarin ƙarfi

Tsakanin matasan da ke riƙe da tsofaffin BMW, Golf da Mercedes akwai yayin ɗaura babban faifai da mamatsin wata mota mai ƙarfi, ko sayen faifai mai huji-huji irin na motocin tsere da suke gani a Facebook da TikTok. Galibin wannan kashe kuɗi ba ya rage tazarar tsayawa. In birkin asali yana iya daskarar da ƙafa har taya ta ja ƙasa, to iyakar tsayawar tana hannun taya da kwalta, ba girman faifai ba. Amfanin babban faifai shi ne jure zafi idan ana taka birki a kai a kai. Tayar da ta tsufa ta bushe a zafin watan Afrilu da ke kai digiri 45 ta fi ƙaramin faifai haɗari nesa ba kusa ba.

Canjin da ba a lissafa ba yana iya ɓata daidaiton mota. Yawancin motocin wancan zamani ba su da na'urar ABS da ke hana ƙafa daskarewa. Abin da wasu daga cikinsu ke da shi wani ɗan bawul ne a baya da ke auna nauyin da mota ta ɗauka, ya rage ko ya ƙara ƙarfin birkin baya. In aka cire shi gaba ɗaya don ya lalace, ƙafafun baya na iya kamawa kafin na gaba, motar ta juya a tsakiyar hanya. Haka kuma babban mamatsi a kan ƙaramin fanfo yana sa feda ta yi nisa kafin ta kama. Takalman tsere ba sa kamu sosai sai sun yi zafi, faifai mai huji kuma yana tara yashi da jar ƙasa, yana kuma iya tsagewa daga bakin hujin. Ga motar da ke bin hanyoyin Nijar, gyaran da ya fi biyan kuɗinsa shi ne a mayar da birkin yadda ya fito daga kamfani, a sa sababbin tiyo a madadin na roba da suka tsattsage, sabon mai, takalma daga hannun wanda aka sani, da taya masu rai.

Wa ke da alhakin dubawa?

Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 sun nuna mutum miliyan 1,19 ke mutuwa a haɗarin hanya duk shekara, kuma yankin Afirka ne ke da kaso mafi muni, wajen mutum 19 cikin kowane 100 000, alhali motocinsa ba su wuce kashi 3 cikin 100 na motocin duniya ba. Rahoton hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na watan Oktoban 2020 ya ce tsakanin 2015 da 2018 Turai, Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14, kuma kashi 40 cikin 100 Afirka suka nufa. Wani binciken da hukumomin Holand suka yi a tashoshinsu ya gano cewa yawancin motocin da ake aikowa sun shekara 16 zuwa 20, kuma ba su da takardar shaidar lafiya mai aiki.

A Nijar akwai hukumar kiyaye haɗurran hanya ta ANISER, akwai hukumar ANMC mai kula da ingancin kaya da ma'auni, akwai jami'an duwan, akwai kuma binciken lafiyar mota da doka ta wajabta. Amma binciken yana duba mota ne a ranar da aka kawo ta. Ba ya ganin takalmin da za a ɗaura mata mako mai zuwa, kuma gwajin da ake yi birki na sanyi ba ya nuna halin da zai shiga idan ya yi zafi. Gurbin yana tsakanin iyaka da shago. A 2020 CEDEAO ta amince da ƙa'idojin bai-ɗaya a kan shekaru da hayaƙin motocin da ake shigowa da su, amma Nijar, Mali da Burkina Faso sun fice daga ƙungiyar a ranar 29 ga watan Janairun 2025. Yanzu ya rage wa ƙawancen AES ya fitar da nasa tsarin, kuma kayan da rai ya rataya a kansu, irin su birki da taya, su ne ya dace a fara da su.

Lokaci ma ba ya jira. A watan Yulin 2023 hukumar zartarwar Tarayyar Turai ta gabatar da ƙudurin hana fitar da motocin da ba su cancanci hawa hanya ba. Ranar da irin wannan doka ta fara aiki sosai, rijiyar da ake ɗebo tsofaffin kayan asali daga cikinta za ta ja baya, kasuwa ta ƙara dogara da sababbin kayan Asiya, masu kyau da na jabu a haɗe.

Matakan da za su rage ɓarna ba su fi ƙarfin ƙasar ba. Ana iya tilasta wa masu shigo da kayan birki su nuna takardar asalin kaya da ta gwaji, a riƙa ɗaukar samfuri daga kasuwa ana aunawa, a kuma sanar da sakamakon a gidajen rediyo da Hausa da Zabarmanci. Ƙungiyoyin makanikai da na 'yan kasuwar kayan gyara sun san masu kawo nagari, sun san masu kawo na banza, kuma rasit mai ɗauke da sunan shago da lambar kaya zai sa mai sayarwa ya yi tunani kafin ya miƙa. Buɗe gadar Gaya, duk ranar da siyasa ta ba da hali, zai dawo da wani kaso na cinikin ƙarƙashin idon hukuma. Kafin nan, mai tsohuwar mota da ya tsaya gaban kanta aka ce masa "Alhaji, mai tsada za a ba ka ko mai sauƙi?" ya tuna cewa ba shi kaɗai zai hau motar ba, kuma ba shi kaɗai ke bin hanyar ba.